Taken da Ban Kaɗa Ba

Da sunan Allah nake farawa. Sunana Ilu, haifaffen Ba'awa ta ƙasar Kiru, kuma sana'ata kiɗan noma. Karatuna bai wuce firamare ba, sai na allo da na yi kafin ita. Na rubuta wannan ne saboda samarin da suke zuwa zaurena suna cewa in koya musu gangar noma a cikin hutun makaranta. Wai ai duka ne kawai, wanda ya iya buga bokiti ya iya ganga. To, zan bi muku abin daki-daki, kamar yadda aka bi da ni. Wanda ya gaji a hanya ya ajiye takardar.

Farko dai kaya. Jikin gangar, wato kango, da itacen alilliba ake sassaƙa shi. Nawa wani masassaƙi ne ya yi mini a wajen Doguwa, kuma bai ba ni shi ba sai da ya sha inuwa rani da damina, don ɗanyen kango tsagewa yake yi. Fata ta akuya ce, ba ta tunkiya ba, kuma akuyar da ba ta yi ƙiba ba. A jiƙa ta, a kankare gashin, a ɗinke ta a jikin kango tana da laima, a ja tsirkiya a ɗaure. Sai zaga, wato siririyar igiyar da ake gittawa a kan fatar. Ita ce take sa muryar ganga ta yi amo har ta kai ƙarshen gona. Sai gula ta bugu, da maratayi na kafaɗa. Ku lura da abu ɗaya: noma aikin damina ne, ita kuwa fata ba ta ƙaunar laima. Saboda haka makaɗin noma kullum cikin faɗa yake da sanyin safiya. In rana ta fito ka shanya, in hadari ya rufe ka hura wuta ka gasa daga nesa. Ba a ajiye ganga a ƙasa tsirara ko da na ɗan lokacin shan ruwa ne.

Bayan kaya sai koyo. Ƙanin mahaifina, Baffa Mati, shi ne maigidana. Ranar da aka kai ni wurinsa na zaci gula zai miƙo mini. Garma ya miƙo.

Na ce, "Baffa, kiɗa aka ce in koya."

Ya ce, "Na ji. Shiga layi. Za ka kaɗa wa mutane aikin da ba ka san nauyinsa ba?"

Damina biyu ina cikin layin manoma, shi yana gabanmu da ganga. A nan na san bambancin jigawa da laka a ƙuguna, ba a bakin wani ba. Daga nan aka ɗaga ni zuwa ɗaukar kaya. Daga ɗaukar kaya aka ba ni kazagi, ƙaramar gangar da take bin babba tana cike mata gurbi. Sai da gemu ya fara tsiro mini sannan Baffa ya bari na rataya babbar ganga a gaban mutane, kuma ranar ma yana tsaye a bayana da tsumagiya.

Aikin kansa ga yadda yake. Mai gona ya kira gayya, majiya ƙarfi su jeru da garemani, kowa da kunyarsa. Makaɗi yana gabansu, fuskarsa na kallonsu, yana tafiya da baya. Ba ka ganin inda kake taka ƙafa, kuma in ka taka shuka mai gona yana kallo. Da sassafe a hankali ake farawa har jiki ya saki. Da hantsi a ƙara wuta. In an sha fura a sassauta, don cikakken ciki ba ya son sunkuyo da sauri. A jigawa kiɗa yana gudu, a laka yana jan ƙafa, a tsakuwa kuwa sai ka bar wa garma wurin da za ta yi tsalle. Wanda ya kaɗa wa laka kiɗan jigawa zai ga an sare dawa an bar ciyawa. Duk wannan yaro mai kunne zai iya kama shi. Abin da yake da wuya shi ne take.

Kowane manomin kirki yana da takensa, wato kiɗan da yake nasa shi kaɗai, wanda ganga take kiran sunan gidansu da shi. Yawanci gado ne, daga uba zuwa ɗan da ya fi riƙe garma. In aka kaɗa wa mutum takensa dole ya amsa. Ya tuɓe riga, ya yi kururuwa, ya yi kirari, ya ɗauki garma. In ya ji ya zauna, to ya nuna wa jama'a ya saki gidan ubansa. Baffa ya koya mini taken gidajen Kiru da Bebeji har zuwa Tudun Wada, kuma ya koya mini su a jere, babban gida kafin ƙarami. Ba a sauya jerin. Tsofaffi sun san shi kamar yadda suka san hanyar masallaci.

Wata gayya a wani ƙauye gabas da Tudun Wada, ina ɗan kazagi a lokacin, mai gonar ya haɗa mu da wani baƙon makaɗi. Akwai wani manomi da bai daɗe da tashi daga ciwon shawara ba. Bai zo da garma ba, ya zo ne da sanda, ya zauna a gindin ɗorawa yana yi wa mutane sannu. Baƙon nan ya hango shi, yana son a ce ya san mutane, sai ya juya ya saki taken mutumin. Na ga mutumin ya dubi hagu ya dubi dama. Surukansa suna wurin. Ya tashi, ya fizge garmar wani yaro, ya shiga. Bai kai rabin kunya ba ya kife. A kan ƙyauren ɗaki aka mai da shi gida. Ya rayu, amma damina ta wuce shi a kwance, kuma iyalinsa a wannan shekarar a gidan 'yan'uwa suka ci tuwo.

Muka kama hanyar gida ni da Baffa, muka ɗan yi nisa. Sannan ya tsaya, ya sa na sauke kayan a kan kafaɗar wani dutse.

Ya ce, "Wa ya kayar da mutumin nan?"

Na ce, "Ciwo."

Ya ce, "Ciwo ya bar shi a gindin ɗorawa lafiya lau. Sake faɗa."

Na ce, "Makaɗi."

Ya ce, "To riƙe wannan. Take ba naka ba ne, ajiya aka ba ka. Wanda ya zo da garmarsa, kaɗa masa. Wanda ya aiko, kaɗa masa. Wanda bai yi ko ɗaya ba, ko Sarkin Noma ne ya ce ka kaɗa, ka ce fatarka ta yi sanyi."

A cikin duk waɗanda na kaɗa wa da hannuna, ban ga kamar Tanimu ɗan Barau ba, mutumin Bebeji. Na fara haɗuwa da shi a wata gayyar huɗar masara, ƙasa mai nauyi, an kwana ana ruwa. Dogo ne, ba shi da jiki sosai, amma in ya sunkuya ba ya ɗagowa sai ƙarshen kunya. Takensu na gidan Barau cewa yake yi, "Na Barau, gama taka ka taya na baya." Haka kuwa yake yi. In ya fita, ba ya tsayawa a yi masa guɗa, sai ya faɗa kunyar wanda aka bari a baya ya taro shi. Kirarinsa kuwa da ƙarfi, har da jifa da hula sama. Daga baya ya bar layi, ya koma karatu wurin malamai, ya je Makka, gemu ya yi fari, har ya zama na'ibin limamin unguwarsu. Muka koma gaisuwa daga nesa. Ban ƙara kaɗa takensa ba, don bai ƙara aikowa ba.

Masu kiran mu iri-iri ne. Akwai mai gonar da yake son aiki, shi ne mai daɗin sha'ani, in kaka ta yi ya aiko maka da damin dawa har gida. Akwai wanda yake son a yi ta ambaton sunansa alhali ciyawa tana nan, wannan in ya sake kira sai in ce ina da uzuri. 'Yan siyasa ma sun zo a ba su aron ganga da mai ita. Na ce musu tawa ba ta san hanyar dandali ba. Ban taɓa bin mutum kasuwa da ganga ina roƙo ba, Baffa ma bai yi ba. Amma ban ce babu masu yi ba, kuma saboda su ne ake yi mana kallon da ake yi mana.

Sai mummunar shekara. Ba fari aka yi ba, ba kuma fara ba. Maganin feshi ne ya shigo. Yaro ɗaya ya goya jarka a baya, ya zaga gona da safe, ya gama abin da layi guda yake yi. Ban ga laifin manoma ba, kowa yana son sauƙi. Abin ya yi ta raguwa a hankali, har aka zo daminar da tun daga shuka har girbi ba wanda ya yi sallama a ƙofata. Masu yi mini kazagi biyu suka sayi babur suka shiga acaɓa a hanyar Kano. Ni kuwa na tafi Falgore, bakin titi, ina dakon buhunan masara ana loda wa manyan motoci. A can na ga 'yan dako suna ɗaga buhu ba tare ba, wani ya riga wani, ƙugu yana ciwo. Sai na fara yi musu 'yar waƙa da baki, inda za a sunkuya da inda za a ɗaga. Waƙar da na fara ƙirƙira da kaina ke nan. Da na dawo gida na tarar ɓeraye sun cinye fatar gangar. Na sayi wata na ɗinka, ko da yake ban san wanda zan kaɗa wa ba. Matata ta tambaye ni dalili, na ce kango ba ya zama tsirara a gidana.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Bara, bayan an kai amfanin gona gida, wani matashin malamin firamare daga Bebeji, Malam Sabi'u, ya yi sallama a zaurena. Tare da shi akwai wani Auwalu, mawaƙin zamani, irin masu shiga situdiyo, wayarsa a hannu kamar an ɗinke ta da tafinsa. Bayan gaisuwa Malam Sabi'u ya faɗi abin da ya kawo su. Yana so ya buɗe ajin koyar da yara kiɗa da waƙar gargajiya a makarantarsu, mako-mako, don yaran yanzu ba su san kazagi ba balle sarewa. Babu kayan kiɗa, babu mai koyarwa. Shi ne ya shirya ɗan zama a cikin aji guda, ba lasifika, ba janareta, ba liƙi. Masu yin waƙa da kansu su zo, kowa ya zauna ya faɗi yadda waƙarsa ta samu, ya rera. Wanda ya ji daɗi ya taimaka da abin da yake da shi, ko ƙwarya, ko fatar akuya, ko kwanon masara.

Na ce, "Tsarin ya yi. Ina matsalar? Don ban ga alamar gaisuwa kaɗai ta kawo ku ba."

Ya ce, "Baba Ilu, hedimasta ya ce ba zai ba da aji ba sai kwamitin iyaye ya yarda. Shugaban kwamitin kuwa ya ƙi. Ya ce ba za a mai da 'ya'yan manoma maroƙa ba. In ya tashi a wurin zaman ya ce a'a, magana ta mutu."

Na ce, "Wane ne?"

Ya ce, "Alhaji Tanimu, na'ibi."

Auwalu ya matso har gwiwarsa tana taɓa tawa. Ya ce, "Baba, ai mun gama bincike. An ce takensa yana hannunka. An ce da jin sa yake cire riga. Ka sakar masa shi a tsakiyar mutane kawai. In ya tashi ya yi ihu, da wane baki zai hana yara? In ya ƙi tashi, tsofaffi su ci shi da baki. Ko ta ina mun ci. Ni kuma ina ɗauka a waya."

Na ce, "Kai ɗan wane gida ne?"

Ya faɗa mini.

Na ce, "Kakanka ma yana da take. Gajere ne, don bai taɓa kai ƙarshen kunya ba. Matsa mini daga kan tabarma."

Malam Sabi'u ya yi dariya har da riƙe ciki, amma da ya nutsu sai ya ce, "Baba, wasa a gefe. In ba haka ba, ban ga yadda za mu samu ajin nan ba."

Na ce zan zo, zan yi waƙata, zan nuna wa yara take. Ban ƙara musu komai a kai ba. Su suka tafi da fassararsu.

Kafin ranar na shiga Bebeji na bi gidajen tsofaffin manoma ɗaya bayan ɗaya. Na gaya wa kowa abin da za a yi, na tambaye shi ko ya yarda a kaɗa nasa, kuma muka yi sharaɗi cewa amsawa daga zaune ce, a ɗaga sanda ko hannu ya wadatar. Wanda ya rasu na tambayi babban ɗansa. Wasu suka yarda, wasu suka ce a bar su, na bar su. Gidan Alhaji Tanimu ban je ba. In na je a irin wannan lokaci, ko me na faɗa ya zama ciniki: ka ba mu aji, in rufa maka asiri. Ni ba na ciniki da ajiya. Abin da ban sani ba shi ne Auwalu ya riga ya baza a majalisu cewa ranar za a ga na'ibi ba riga.

Aka yi zaman bayan la'asar. An ture bencuna jikin bango, an shimfiɗa tabarmi, yara a gaba, iyaye maza a dama, mata a hagu. Ajin ya cika har tagogi, kuma na san ba duka ne waƙa ta kawo su ba. Alhaji Tanimu ya shigo da farar babbar riga da rawani, aka ba shi kujera a gaba. Ya ji maganar da ake yi, amma in ya ƙi zuwa za a ce ya gudu. Muka gaisa. Bai dubi gangar ba ko sau ɗaya.

Wata dattijuwa daga Kiru, Inna Kande, ita ta fara, da ƙwaryarta a kife. Ta ce ta yi waƙarta ne a makon da injin niƙan unguwarsu ya lalace, ta koma kan dutse tana zagin mai injin. Mata suka kama mata amshi ba a ce su kama ba. Sai wani Bafulatani daga Falgore ya busa sarewa, waƙar da ya yi wa saniyarsa da ta ɓata a daji. Hausarsa ba ta da yawa, amma ba wanda ya nemi fassara. Sai Auwalu. Da ya ga babu na'urar da za ta gyara masa murya, baitin farko ya fito yana rawa, wani daga taga ya ce, "A kunna masa janareta!" Amma ya daure. Waƙar ta mahaifiyarsa ce mai sayar da awara a bakin tasha, kuma zan faɗi gaskiya, waƙa ce mai kyau. Yaron yana da kai, tarbiyyar sana'a ce bai samu ba.

Ni ne na ƙarshe. Na sassauta zaga, na ɗora ƙyalle a kan fatar, don gangar noma ba a yi ta domin ɗaki ba. Na ba da labarin dako a Falgore, na yi waƙar buhu, na sa yara suka sunkuya suka ɗaga tare. Sannan na ce musu yanzu za su ji yadda ganga take kiran mutum.

Na fara daga babban gida. Tsoho na farko ya ɗaga sandarsa, idonsa a rufe. Na biyu ya manta sharaɗi, ya yunƙura zai tashi, hularsa ta faɗi, jikokinsa suka riƙe shi ana dariya. Na uku ɗan marigayi ne, ya ɗaga hannu, kansa a ƙasa. Haka na bi jeri har na kai gidan Ɗanjuma. Duk tsohon da yake ɗakin ya san bayan gidan Ɗanjuma sai gidan Barau. Dariya ta ɗauke. Na hango Auwalu ya ɗaga waya, ba ni yake nunawa ba.

Na dubi Alhaji Tanimu. Ya sa carbinsa a aljihu. Ya zare takalmansa ya tura su ƙarƙashin kujera, ya kafa tafin ƙafarsa a siminti, hannuwansa a kan gwiwa. Almajiransa na karatu suna wurin, surukansa biyu suna wurin. Na gane mutumin nan tashi zai yi. Zai tuɓe rawani a gaban kowa, ba zai bari a ce ya saki gidan Barau ba.

Na rufe taken Ɗanjuma, na wuce kai tsaye zuwa gidan da yake bin na Barau. Ban tsaya ba, ban yi tari ba, ban yi bayani ba. Yaran ba su san an tsallake komai ba. Tsofaffi sun sani. Na ji wani ya ce "Af!" a hankali. Malam Sabi'u ya sunkuyar da kai kamar wanda aka gaya wa rasuwa. Na ƙarasa jerin, na kife gula, na zauna.

Hedimasta ya ce shugaban iyaye ya yi magana. Alhaji ya ɗauki lokaci yana neman takalmansa da ƙafa. Da ya miƙe ya yi salati, ya gode wa baƙi, sannan ya ce:

"Na zo nan da a'a a bakina, kowa ya sani. Abin da nake tsoro shi ne a koya wa 'ya'yanmu kiran sunan mutum don a tatse shi, ko don a kunyata shi. Na ga masu yin haka, ku ma kun gani. Har yanzu ina tsoron. Saboda haka ga sharaɗina. Ranar Alhamis za a yi, da babu makarantar allo. Da an kira salla a ajiye kaya. Ba liƙi, ba roƙo." Ya juyo ya nuna ni da haɓa. "Kuma wancan mai taurin kan shi zai koyar. In ba shi ba, ban yarda ba."

Aka yi kabbara, mata suka yi guɗa, ya ɗaga hannu ya ce guɗar ta isa haka. Mutane suka fara ajiye abin da suka kawo a gaban allo. Wani mahauci ya yi alkawarin fatu, wani kafinta ya ce a bar masa gyaran bencuna. Auwalu ya zo ya tsuguna a gabana.

Ya ce, "Baba, wallahi na ɗauka ka kashe mu."

Na ce, "Me ka samu a wayar?"

Ya ce, "Wani tsoho yana neman takalmi."

Na ce, "Goge shi. Ranar Alhamis ka zo da wuri, kai za ka ɗauki kaya."

Aka kira magariba, muka yi salla a masallacin kusa da makarantar, Alhaji ne ya ja. Na bar gangar a aji, don ba na kusantar masallaci da ita. Da aka watse ina ɗaura takalmi sai na ga farar riga ta tsaya a kaina.

Ya ce, "Ilu."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam."

Ya ce, "Tsufa ne ya sa ka tsallake, ko hannun ne ya manta?"

Na ce, "Ba ko ɗaya. Ba ka zo da garma ba, ba ka kuma aiko ba."

Ya jira masu wucewa suka yi nisa. Sannan ya rage murya.

Ya ce, "'Ya'yana feshi suke yi. A cikinsu babu wanda ya taɓa jin taken gidanmu. In na mutu, kai ma ka mutu, shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, sai in an ba wani."

Ya ce, "To na aiko. Ranar Asabar da hantsi, gonata ta fadama. Zan zo da jikokina. Kai kaɗai, kada ka zo mini da mai wayar nan."

Na ce, "In cire ƙyallen?"

Ya ce, "Cire. Ka ja zagar sosai."

Ranar Asabar na shanya fata tun da safe, na hau babur zuwa Bebeji, na je gonar. Abin da aka yi a can nasa ne da jikokinsa, ba zan rubuta shi ba.

Ajin yana nan duk Alhamis, yara maza da mata, kuma biyu daga cikinsu 'yan gidan Barau ne. Ku samarin da kuke son ku iya a cikin hutu, ƙofa a buɗe take. Amma ku sani ba gula za ku fara riƙewa ba. Akwai ɗan fili a bayan makarantar da hedimasta ya ba mu, ƙasar laka ce, kuma garemani suna jingine a bayan ƙofar aji.